Neman kalma: me za mu kira ɗan gida mai ɗaukar hoton biki ba don kuɗi ba?

1/ Jama'a, ku taya ni neman kalma. A bukukuwan Sakkwato yanzu da wuya ka rasa masu ɗaukar hoto iri biyu: wanda aka ɗauko aka biya, da kuma ɗan gida, ƙanen amarya ko ɗiyar gwaggonta, da ke ɗauka da kyamara ko waya saboda zumunci. Na farko mai hoto ne, ba gardama. Na biyun Turawa na kiransa amateur. Mu fa?

2/ Turanci ya aro kalmar daga Faransanci, tushenta kuma Latin ne, ma'anarta mai son abu. Irin waɗannan mutane sun fara yawa tun 1888, da George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak a Amurka, da fim na hoto 100 a cikinta. Ka ɗauka, ka aika wa kamfani ya wanke maka.

3/ Wani malamina ya ce ɗan koyo. Allah ya gafarta Malam, a nan ban bi ka ba. Ɗan koyo yana ƙarƙashin maigida ne, yana jiran ranar yaye. Wanda nake nufi yana da aikinsa, malamin makaranta ne ko ma'aikaciyar jinya, kuma ba ya shirin buɗe shago. Wani ma ya goge ƙwarai. Ya san idan rana ta take a garin nan farar shadda kan ƙone a hoto, hula da rawani su jefa inuwa a ido, sai ya ja mutane gindin dogon yaro ko bakin zaure. Ya san ɗaurin aure ba ya jiran kowa: wakili ya nema, waliyyi ya bayar, an ambaci sadaki, an shafa Fatiha, shi ke nan. Wanda bai tsaya inda ya dace ba tun kafin liman ya fara, ƙeyar mutane zai ɗauka.

4/ Ɗan dagaji na masu labarin wasanni ne, kuma akwai raini a ciki. Ɗan sa-kai ya kusa, sai dai a Sakkwato da Zamfara kowa ya san su wa ake kira 'yan sa-kai, ba sunan da za a kai gidan biki ba ne.

5/ Ni abin da ya kwanta mini shi ne mai hoton ra'ayi. Dama muna cewa wane kiwon ra'ayi yake yi, idan ya ajiye doki ko tantabaru ba don kasuwa ba. Na so in ce mai hoton sha'awa, amma faɗinsa a gaban iyaye mata yana da nauyi a baki.

6/ Abin ya dame ni ne saboda rashin sunan yana jawo rikici. Da an kira yaro mai hoto, sai dangi su jingina masa dukan bikin, daga kamu har walima, su jira albam, alhali ko kuɗin wanki ba a ba shi ba. Ga kuma amana. Mai hoton ra'ayi, musamman mace, tana shiga inda baƙon namiji ba ya shiga: wurin sa lalle, da ɗakin da iyaye ke yi wa amarya faɗa tana kuka kafin a kai ta. Don 'yar gida ce aka bar ta. Hoton da aka ɗauka a can ba na Facebook ko TikTok ba ne sai da yardar masu shi.

7/ Jam'i ba wuya: masu hoton ra'ayi. Yana kuma miƙewa zuwa ɗinkin ra'ayi da ƙwallon ra'ayi. Rauninsa ɗaya, ra'ayi na nufin abin da mutum ke gani game da wani al'amari, don haka mai karatu na iya ɗan tsayawa. Duk da haka da shi zan riƙa rubutu. Malamanmu na Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da 'yan'uwa na Wurno da Gwadabawa, idan tsofaffinku na da wata kalma ga mai yin aikin hannu don so kawai, ku kawo ta mu gwada ta a jimla.