Tambaya kan saurin aikin leza mai gajeren bugu

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin bayani daga waɗanda suka san aikin leza a masana'antu. An ce leza mai bugun pikosakan ko femtosakan, wato mai fitar da haske a walƙiya gajeru ƙwarai, tana sassaƙa ƙarfe da gilashi ba tare da ta narkar da gefen wurin ba, amma ana kuka da jinkirinta. Shin ƙara wa kowane bugu ƙarfi ba zai magance wannan jinkiri ba?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, malam. Ya kamata a fara sanin inda tsabtar aikin ta samo asali. Idan haske ya sauka a kan ƙarfe, ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki a cikinsa, su ne ke fara karɓar makamashin, kuma sai bayan 'yan pikosakan suke miƙa shi ga jikin ƙarfen ya zama zafi. Pikosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan, femtosakan kuma kashi ɗaya cikin dubu na pikosakan. Bugun da ya ƙare kafin wannan lokaci yakan ɗauke fatar saman kafin zafi ya bazu, alhali bugun nanosakan, wato pikosakan dubu, yana daɗewa har gefen ya narke. Dabarar ƙarfafa irin wannan bugu, wadda Donna Strickland da Gérard Mourou suka ƙirƙiro a Jami'ar Rochester a 1985, ita ce ta kai su ga kyautar Nobel a 2018.

Amsa ta biyu:
Ƙara ƙarfi ba ya biyan buƙata, ɗan'uwa, kuma nan ne da yawa suke yin asara. Kowane abu yana da mafi ƙarancin makamashin da zai fara cire shi, kuma a ƙarafa, riba mafi yawa tana samuwa ne idan ƙarfin tsakiyar hasken ya kai kusan ninki 7 na wannan ma'auni. Idan aka wuce nan, zurfin da ake samu yana ƙaruwa kaɗan ne kawai, ragowar makamashin kuma ya koma zafi, ya bar fuskar aikin da kaushi. Hanyar da ta dace ita ce a yawaita bugu, dubban ɗaruruwa zuwa miliyoyi a sakan, sannan a riƙa gusar da hasken da sauri ta madubi mai juyawa, ko a raba shi gida-gida ya yi aiki a wurare da dama lokaci guda.

Amsa ta uku:
Na yarda, sai dai yawaita bugu ma yana da iyaka, domin idan suka riƙa sauka wuri ɗaya kafin ya huce, zafi yakan taru, a rasa tsabtar da aka sayi na'urar dominta. Ni a ganina, malam, ka fara duba irin aikinka. Huda ramukan bakin injekta da ke fesa mai cikin injin mota, yanka gilashin fuskar waya, ko sassaƙa siririn bututun da likitoci ke sa wa a jijiyar jini, duk sun cancanci tsadarta. Yanka farantin ƙarfe mai kauri kuwa aikin leza mai haske marar yankewa ne, domin ta fi sauri nesa ba kusa ba.