Bayanan bincike a daji: akwatin RAID kaɗai ya isa?

Ɗalibar_Samaru:
Assalamu alaikum malamai. Tawagarmu na da kamarorin daji 12 da na'urorin naɗar kukan tsuntsaye a kewayen duwatsun Kagoro. Duk mako biyu ake kwaso katunan memori, bayanan kan kai GB 80. Sola ce kawai a sansanin, sabis kuma sai an hau tudu. Abin da aka naɗa a daminar bana in ya salwanta shi ke nan. An ce mu sayi akwatin RAID 1, wato akwatin ajiyar bayanai mai faifai biyu, mu huta. Ya isa?

Injiniya_Kawo:
Wa alaikumus salam Malama. Bai isa ba. RAID 1 madubi ne, abin da ya sami faifai ɗaya nan take yake samun ɗayan. In an goge folda bisa kuskure, ta gogu a duka biyun. In aradu ta biyo waya, tare za su ƙone, tunda akwati ɗaya suke. Mutuwar faifai guda kawai yake karewa.

Ku bi ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani gari daban. Da an cire kati, a tura ɗan makullin gefensa don kada a rubuta komai a kai. A kwafa zuwa faifai na farko, sannan na biyu, kowanne kai tsaye daga katin. Kada a kwafa daga faifai zuwa faifai, domin in fayil ya lalace a na farko, lalatacce za a kai na biyu. Daga nan a fitar da lambar SHA-256 ta kowane fayil, wato lambar shaida da ake lissafawa daga abin da ke cikinsa, a kwatanta. Manhajar TeraCopy na yin wannan tantancewar a Windows. Girman fayil ya yi daidai ba ya nufin cikinsa lafiya.

Ku tanadi katuna jeri biyu. Ba a goge kati sai kwafi na uku ya isa Zariya an tabbatar da shi, kuma a cikin kamarar ake yi masa fomat.

Baba_Mando:
Na yarda da Injiniya, sai dai ban yar da RAID gaba ɗaya ba. A ofis mai UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, yana da amfani a matsayin kwafi ɗaya cikin ukun.

GB 80 sau 26 ya ɗan haura TB 2 a shekara, don haka TB 4 za ku saya. SSD, wato ma'ajin da babu abin da ke juyawa a cikinsa, ita ce ta tafiya, saboda faifai mai juyawa ba ya jure faɗuwa da jijjigar babur. Amma kada a jefa SSD a durowa a manta: ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan kayan, shekara ɗaya ta gindaya wa SSD ta gama-gari da ta tsufa ta riƙe bayanai, ba wuta, a zafin digiri 30, kuma zafin bazararmu ya wuce haka. Ajiyar dogon zango faifai mai juyawa ya fi, kuma ka da duka su zama kamfani ɗaya, saye ɗaya.

Katin jabu ya cika kasuwa. Zai nuna GB 128 alhali cikinsa bai kai ba, ya riƙa taka tsofaffin hotuna shiru. A gwada kowane sabo da manhajar H2testw kafin ya shiga daji. exFAT kuma, tsarin jera fayiloli a kati ko faifai, ba ya yafe zare waya ana cikin rubutu, sai a duba cajin laftof tukuna. In hadari ya haɗo, a zare komai daga inbata. Da hunturu, akwati mai rufuwa gam saboda ƙura. Da damina a sa masa ƙullin silika mai shanye laima.

Hajiya_Barnawa:
Ƙanwata, ki cire rai da ɗorawa a intanet daga sansani. A gudun Mbps 1, kusan GB 10.8 ake turawa a kwana guda, GB 80 zai ci fiye da mako. A Mbps 10 cikin gari kusan awa 18 ne.

Ki kula, foldar Google Drive mai daidaita kanta tana da ciwon RAID: an goge nan, an goge can. Ki yi amfani da restic, shirin kwamfuta na ajiye kwafi, yana riƙe tsofaffin kwafi kuma yana kulle bayanan. Kalmar sirrinsa ta kasance a hannun mutum biyu, don in ta ɓata babu mai buɗewa. Duk wata uku ki ɗauko folda guda daga intanet, ki buɗe, ki kwatanta lambobinta na SHA-256 da na asali.

Ɗalibar_Samaru:
Allah ya saka da alheri. Gobe zan fara da gwada katunan.