Kamfas ɗin waya da maganar alƙibla

Ɗan Jega: Jama'a abin nan ya isa. Masallacin da kakanni suka gina suna fuskantar gabas, yau yaro ya shigo da waya yana cewa sahu ya karkace. A ajiye wayoyi uku a tabarma ɗaya, kowace inda take nunawa daban. Wannan kamfas ɗin ba abin dogaro ba ne.

Safiyo na Gusau: Malam, gyara kalmar "gabas". Alƙiblarmu ba gabas tsantsa ba ce. In ka ƙirga daga arewa, gabas digiri 90 ce, alƙiblar Birnin Kebbi kuwa wajen 70, ta Gusau wajen 69. Ka fuskanci gabas, sannan ka karkata hagu da kamar digiri 20.

Ɗan Jega: Haba ɗan'uwa. Bahaushe in ya ce "kalli gabas" alƙibla yake nufi. Ku 'yan boko za ku koya mana Hausa?

Baban Yauri: Gaskiyar Ɗan Jega. Gabas ita ce mafitar rana, an gama.

Safiyo na Gusau: Baba, wace mafitar? A Yuni rana tana fitowa wajen digiri 66, a Disamba wajen 114. Mai bin ta da damina ya kusa dacewa, mai bin ta da hunturu ya kauce da fiye da digiri 40.

Mai Gyaran Waya: Ku bar gabas tukuna, ku ji abin da ke raba wayoyin. Cikin waya akwai 'yar na'ura mai jin maganaɗisun ƙasa, kuma duk ƙarfen da ke kusa yana ruɗa ta: rodin ginshiƙi, lasifika, ƙofar ƙarfe, mota, har mayen ƙarfen da ke jikin murfin wayar. Cire murfin, ka fita fili nesa da gini. Ka jujjuya wayar a iska kamar kana zana lamba 8, sau uku ko huɗu, sannan ka kwantar da ita a tafin hannu ba tare da ta jirkice ba. Ka kunna GPS don manhajar ta san garin da kake. Ka duba, ka matsa taku goma, ka sake dubawa. In lambobin ba su yi kusa da juna ba, akwai ƙarfe a wurin. Wasu ƙananan wayoyi ma ba su da na'urar sam, ko ka sauke manhaja allurar ba za ta motsa ba.

Baban Yauri: Wato sai mai iPhone ne sallarsa za ta yi? Talaka fa?

Mai Gyaran Waya: Baba ban faɗi haka ba. Android da yawa suna da ita, kuma iPhone ma rodi yana ruɗa ta.

Malamin Anka: Malamai sun yi bayani, wanda ke nesa da Makka jiha, wato ɓangaren da Makka take, ake nema gare shi, ba ainihin ɗakin Ka'aba ba. Kada a jefa wa mutane waswasi.

Safiyo na Gusau: Allah gafarta Malam, ban ce sallar kowa ta ɓaci ba. Mai aza sabon tubali nake ji wa. Daga Kebbi zuwa Makka kusan kilomita 3,900 ne, kuskuren digiri 1 kaɗai yana kautar da kai sama da kilomita 60. Ga hanya kuma ba waya: ranar 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, ko 16 ga Yuli da 10:27, rana tana saman Ka'aba. Ka rataya zare da dutse a ƙarshensa, ka bar shi ya tsaya cik, ka ja layi a kan inuwarsa. Ɓangaren layin da ke kallon rana shi ne alƙibla.

Ɗan Jega: To ka gani, kai ma ka dawo ga rana, wato gabas.

Safiyo na Gusau: Ranar 10:18 ta 28 ga Mayu na ce, ba ta hantsin kowace rana ba.

Shugaban Zaure: An rufe nan. Abin da ya fito fili: waya tana ruɗewa, Malam ya ce jiha ta isa, masu lissafi ma da kansu sun koma ga rana. Ɗan Jega ke da gaskiya.

Mai Gyaran Waya: Ranka ya daɗe, ka tsallake inda na ce a fita fili a cire murfi.