Wai su waye Clipper Carlton ne, kuma mene ne showband?

Maman_Ilham:
Salam jama'a. Ina aikin kula da tsofaffi a nan Ailan, to akwai wata tsohuwa da kullum in an saka kiɗa sai ta ce duk wannan ba komai ba ne, ita a gaban Clipper Carlton ta yi rawa. Na ga sauran ma da an ambaci showband sai fuskarsu ta washe. Dan Allah wanda ya san tarihin abin ya ɗan warware min in samu na hira da su.

Bakatsine_Dublin:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ai babban suna ta kama miki. Ƴan garin Strabane ne a yankin Tyrone, arewacin Ailan, kuma su ake ba kambun fara showband. Kafin su makaɗan gidan rawa zaune suke yi, kowa da baƙar kwat da takardar kiɗa a gabansa, ba fara'a ba motsi, mutane na ta rawarsu ko kallon makaɗan ba sa yi. To wajen 1954 sai su Clipper suka ture kujerun nan suka miƙe tsaye, suka ɗinko kwat masu kala, suna busa suna taka rawa suna barkwanci, har suka ware wani sashe da suke kira Jukebox Saturday Night inda suke kwaikwayon manyan mawaƙan Amurka, kaya da murya da komai, sai ki ga an daina rawa an yi cincirindo gaban dandamali ana kallo kawai. Daga nan kowa ya ɗauka, yawanci mutum bakwai ko takwas, masu busa da mai ganga da masu jita da mawaƙi a gaba.

Sarkin_Gardama:
Ni fa ban ga abin zuzutawa ba, waƙoƙin wasu suke kwafa su maimaita, ina fasahar take?

Bakatsine_Dublin:
Malam ka duba zamanin mana. Saurayin ƙauye a 1958 ina zai ga Elvis? Gidan talabijin na ƙasar ma sai daren ƙarshe na 1961 aka buɗe shi. Waɗannan su ne suke kawo masa abin har ƙofar gida. Kuma a irin wannan kwafar manyan mawaƙan Ailan suka goge, Rory Gallagher a showband ɗin Fontana, Van Morrison kuma a na Monarchs. Royal Showband na Waterford, su Brendan Bowyer, da suka yi wasa a Liverpool a 1962 Beatles ne suka share musu fage, je ka bincika.

Anti_Rabi:
Maman Ilham in kina so bakinta ya buɗe ki tambaye ta zauren rawar ne ba makaɗan ba. A zamanin ba a sayar da giya a ciki, sai lemo da shayi, mata su jeru a bango ɗaya maza a ɗayan, namiji sai ya ratso tsakiyar fili kowa na kallonsa ya zo ya nemi rawa, in an ƙi shi haka zai juya da kunyarsa. In ya ce zo in saya miki lemo ta amsa, to magana ta fara ƙulluwa, aure da yawa a nan aka samo su. Sannan a da lokacin azumin Kirista na kafin Ista ba a rawa a yawancin ƙasar, sai makaɗan su tsallaka Ingila da Amurka wajen ƴan ci-ranin Ailan, irin zauren Galtymore da yake unguwar Cricklewood a Landan a lokacin. Kuɗi fa aka samu a harkar, Albert Reynolds da ya zama firaminista a 1992 da zaurukan rawa ya fara arziki shi da ɗan'uwansa.

Maman_Ilham:
Ikon Allah, na gode Anti. To me ya kashe abin?

Anti_Rabi:
Otal-otal da disko ne ƴar uwa, can akwai kujera akwai abin sha, matasa suka koma can a shekarun 1970. Sai kuma rikicin arewacin Ailan, ranar 31 ga Yuli 1975 ƴan bindigar UVF, ƙungiyar masu son arewacin ya ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, suka tare motar Miami Showband kusa da Newry suna dawowa daga wasa a Banbridge suka kashe uku daga cikinsu, bayan nan makaɗan kudu da yawa suka daina tsallakawa arewa. Wannan kam ki bi a hankali in za ki taɓo shi da tsofaffin, wasu har yanzu ba sa son zancen.