Tsohuwar Peugeot 504 ta gado: faci mai araha ko a yanke tsatsar a ƙera sabon ƙarfe?

Manomi daga ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙarfe da gyaran jikin mota, domin abin da ke gabana ya fi ƙarfin sanina. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 doguwa, haɗin Kaduna, wadda ya saya a 1983, kuma da ita ya yi shekaru yana jigilar mutane da kaya tsakanin ƙauyenmu da Ringim da Kano, ranar Alhamis kuma ya nufi kasuwar Maigatari. Tun da ciwon ƙafa ya hana shi tuƙi aka ajiye ta a gindin darbejiyar ƙofar gida, ta shekara 12 a wurin, rana da ruwan sama duk a kanta suke ƙarewa. Da aka zo rabon gado 'yan'uwana sun so a sayar wa 'yan gwangwan, ni kuwa na roƙi a yi mata kuɗi a sa ta a cikin kasona, saboda a cikinta aka fara kai ni makarantar kwana, kuma har yau mahaifiyarmu ba ta wuce ta ba tare da ta dafa ta ba.

Bakanike ya duba inji ya ce zai tashi, matsalar a jiki take. Da na ɗaga shimfiɗar roba ta wajen direba sai na tarar ƙarfen ya yi jawur yana ɓarewa kamar ɓawon bishiya, na danna makulli a kai ya zarce har ina hango ƙasa. Gindin ƙofofin nan huɗu duk tsatsa ta ci, dokin ƙofar hagu ya huje a wuri uku, mazaunin batir ya ruɓe, ƙasan gilashin gaba kuma, inda ganyen darbejiya ya taru ya toshe hanyar ruwa, fenti ya kumbura.

Na kai maganar wurin mutum biyu. Mai waldar garinmu, wanda yake yi mana ƙofofi da gyaran amalanke, ya ce zai ɗora faci a kan ramukan, ya shafe da bodifila, wato filar da ake cike lotsawar jikin mota da ita, a fesa fenti, cikin mako biyu in hau abata. Wani dattijon fanalbita a Kano kuwa ya ce sai an kwashe kujeru da gilasai da tankin mai, a kankare ta har a ga farin ƙarfe, ya yanke duk inda ya ruɓe, sannan ya ƙera kowane yanki da hannu, kuma ba zai yi mini alkawarin ƙasa da wata uku ba. Kuɗin da ya yanka ya kusa ninka na farko sau huɗu, ban da fenti. Abin da na samu a riɗin bana zai biya aikin farko har da canji, amma ba zai kai rabin na biyu ba. Shin bambancin aikin ya kai bambancin kuɗin, ko kuwa sunan birni kawai zan biya?

Tsohon direba daga Gumel:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kuma yi maka albarka da ka hana a kai motarsa sikeli. Na yi shekaru ina tuƙa irin wannan mota, kuma akwai abu ɗaya da ya kamata ka sani kafin ka ba kowa ko sisi. Tsofaffin Land Rover da manyan motoci suna da shasi, wato gadon ƙarfe da aka ɗora jiki a kansa, saboda haka jikin yana iya lalacewa gadon yana nan da ƙarfinsa. Ita 504 irin taka ba haka aka yi ta ba, jikin ne kansa yake ɗauke da nauyi. Dokin ƙofa da daɓen ƙasa da wurin da shakazoba ta gaba take ɗaure su ne ƙashin bayanta, kuma faci da aka ɗora a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba ya mayar da wannan ƙarfin.

Na taɓa yin irin aikin da ake yi maka tayi, domin a lokacin ina gaggawar komawa hanya. Ranar da na karɓo ta tana ƙyalli har mutane suna yi mini murna a tasha. Damina biyu kacal ta yi. Wata rana na faɗa wani rami da lodin gero, sai na ji ƙara, da na tsaya na ga guntun fila mai faɗin tafin hannu ya faɗo a ƙasa kamar katangar fasasshiyar tukunya, bayansa jawur da tsatsa, daga nan kuma ƙofar baya ta daina rufuwa sai an ɗaga ta an buga. Jikin ne ya fara lanƙwasa a tsakiya. Kuɗin da na kashe a gyara na biyu ya fi wanda na guje wa tun farko, domin sai da aka fara biyan wahalar cire facin. Araha ba ta ado, kuma a motar da za ka ɗauki iyali a ciki, maganar ta wuce ado.

Mai walda daga Wudil:

Malam, sana'ata ke nan, kuma zan yi maka bayanin inda kuɗin yake tafiya domin ka yi hukunci da idonka a buɗe. Ƙarfen da za a sa a motarka ba shi ne mai tsada ba. Abin da kake saya shi ne kwanakin mai aiki, kuma dukkan bambancin da ke tsakanin farashin nan biyu yana cikin aikin da ba za ka ƙara gani ba da zarar an fesa fenti.

Tsatsa daga ciki take fitowa. Ƙura tana taruwa a cikin ƙofa da dokin ƙofa lokacin hunturu, ruwan damina ya mayar da ita laka, ƙananan hujojin da aka yi domin ruwa ya tsiyaye su toshe, lakar ta yi watanni da danshi tana cin ƙarfe. Idan motar ta taɓa ɗaukar takin zamani ko kanwa ko dabbobi, cin ya fi sauri. Saboda haka ramin da ka gani da faɗin kwabo, bayansa ya kai faɗin faranti. Wanda ya ɗora faci a kai ya haɗa ƙarfe biyu fuska da fuska, ya bar ɗan tsakani da danshi zai shiga ya zauna, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Fila ma idan aka toshe rami da ita tana shan ruwa ta baya. Amfaninta shi ne ta baje ƙananan tabon guduma, kuma mai aikin kirki ba ya barin kaurinta ya wuce milimita 3.

Aikin gaskiya ga yadda yake. Ana yanka har sai an kai ƙarfe mai lafiya, a ɗora kwali a zana siffar wurin, a fitar da ita a kan sabon falle mai kauri daidai da na motar, wanda a fatar jiki ba ya wuce milimita 1, a dokin ƙofa da wuraren ɗaukar nauyi kuma ya ɗan fi haka. Sai a zauna da guduma a kan kututture ana lanƙwasawa, ana gwadawa, ana komawa, har yankin ya shiga gurbinsa baki da baki kamar an haife shi a wurin. Gindin ƙofa ɗaya yana iya cin yini guda, domin yana da lanƙwasa ta fuska biyu ga kuma leɓen da ake naɗewa. Wajen walda kuma ba a jan wuta a tafi da ita, ɗigo-ɗigo ake yi nesa da juna, a bari ya huce, a daddaka, a dawo, in ba haka ba zafi ya murɗe fallen ya yi tudu da kwari, daga nan sai a koma neman fila mai yawa domin a ɓoye.

A nan ne nake jin tsoron aikin abokin sana'ata na garinku, ba don na raina shi ba. Injin waldar lantarki da ake yin ƙofar gida da shi an yi shi ne domin ƙarfe mai kauri, a jikin mota huda yake yi. Wannan aiki na waldar gas ne a hannun wanda ya iya, ko injin nan mai turo siririyar waya. Wasu kuma suna liƙewa da tagulla saboda ta fi sauƙi, amma daga baya walda ba ta kama wurin sai an goge tagullar tas. Ka tambaye shi kuma da wane ƙarfe zai yi facin. Na sha buɗe mota in tarar da kwanon rufi ko gefen tsohon firji. Kwanon rufi ya yi siriri ƙwarai, kuma rufin tutiyar da ke jikinsa idan ya ji wuta yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi. Abu biyu kada ka yarda a tsallake su ko wa zai yi aikin: a sauke tankin mai kafin a kunna wuta, kuma a tokare bakin ƙofofi da ƙarfe kafin a yanke dokin ƙofa, domin idan jikin ya sauka ko da kaɗan ne, ƙofofin ba za su ƙara zama daidai ba.

Malamin makaranta daga Birnin Kudu:

Ban musa ko ɗaya daga cikin abin da Baba da mai walda suka faɗa ba, amma ina ganin an bar aljihun mai tambaya a baya. Mutumin nan manomi ne, damina tana tafe, akwai taki da iri da haƙƙin iyali, kuma bai dace son mota ya sa shi cin bashi ba. A ganina ba dole ne ya zaɓi ɗaya daga cikin farashin nan biyu ba.

Ɗan'uwa, ka tuna cewa masana'antar Kaduna ta fara haɗa Peugeot tun 1975, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Ma'ana gawarwakinta suna nan birjik a garejoji da bayan gidaje, kuma bushewar ƙasarmu ta sa da yawansu ƙarfensu ya fi na motocin bakin teku lafiya. Ƙofa mai kyau da aka kwance daga wata motar ta fi arha a kan yini guda na ƙira, kuma ƙarfen masana'anta ne. Ƙofofin gaba na doguwa da na gajeriya sukan yi daidai, na baya ne sai ka nemi na doguwa. Ka zaga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ka kuma tambayi tsofaffin direbobi a tasha, ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu, duk inda ya ƙi kamawa ka san fila ce a ƙarƙashin fentin. Rufin matacciyar mota ma falle ne mai kyau da za a yanka a yi daɓe da shi. Idan ka rage wa dattijon nan aikin ƙofofi huɗu, ka bar masa dokin ƙofa da daɓe da ƙasan gilashi, lallai kuɗinsa zai sauka. Mazaunin batir kuwa ƙaramin aiki ne wanda mai waldar garinku zai iya, kuma kyautatawa ce ka ba shi wani abu tun da maƙwabcinka ne. Fenti ya jira kaka mai zuwa, babu abin kunya a mota ta shekara da jan fentin kariya a jikinta.

Mai walda daga Wudil:

Malam ya kawo shawara mai kyau, kuma na yarda da batun ƙofofi. Abin da zan ƙara shi ne, dokin ƙofa da aka yanko daga wata motar sai an leƙa cikinsa, domin shekarunsu ɗaya da naka kuma cuta ɗaya take kama su. Jan fenti shi kaɗai ba ya tsare ruwa tsawon damina, saboda haka a ɗora masa fentin mai ko da na buroshi ne, a zuba mai mai kauri a cikin dokin ƙofa, a kuma buɗe hujojin tsiyayar ruwa. Wajen biya, ku yi yarjejeniya gaɓa-gaɓa a gaban shaida, kuma ka sa sharaɗin cewa ba za a shafa komai a kan walda ba sai ka zo ka gani ta ciki da ta waje. Mai aikin da ya yarda da hannunsa ba zai ji haushin wannan sharaɗi ba.

Manomi daga ƙasar Ringim:

Na gode, Baba, na gode Malamai, Allah ya saka da alheri. Jiya na koma wurin dattijon da wannan tsari, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ɗauko wata ƙaramar guduma mai tsini ya nuna mini a jikin wata motar yadda zan ƙwanƙwasa wurin da shakazoba take ɗaure, ya ce in yi haka a tawa kafin mu ƙara wata magana, domin idan can ya ruɓe lissafin zai canza. Da na dawo gida na gwada ɓangarorin biyu, ƙarfen yana amsawa da ƙara mai kyau, tsinin bai shiga ba. Ya amince zai yi dokin ƙofa da daɓe da ƙasan gilashi a wannan rani, in biya shi kashi uku, ƙofofi kuma in nemo da kaina. Na riga na sami labarin wata doguwa da take ajiye a wani gari kusa da mu, ranar Asabar zan je da mayen ƙarfe in duba ta. Kafin nan, yau da safe ni da yara mun tura tamu daga gindin darbejiya zuwa rumfar da muke ajiye harawa, muka kwashe ganyen da ke ƙasan gilashi, ya kusa cika kwano. Tambayar da ta rage mini ita ce, idan ƙofofin can suna da kyau amma mariƙansu sun sassauta, zan iya mayar da mariƙan tawa a jikinsu, ko sai na sayo su tare?