Shekara 65: ba fareti, ba wuta, ba komai

Ɗan Fagge:
Jama'a, yau 1 ga Oktoba, wai Najeriya ta cika shekara 65 da samun 'yancin kai. Na fita tun safe, na bi ta Kantin Kwari har Bata, wallahi ba don bankuna suna rufe ba, da ba za ka san ranar hutu ba ce. Gwamnatin Tarayya ta soke faretin sojoji na Abuja, abin da ya rage sai jawabin shugaban ƙasa da ƙarfe bakwai na safe, shi ma unguwarmu babu wuta, a waya na tsinci gutsattsarinsa. Muna yara sai a yi makonni ana koya mana maci, a goge farin kambas da alli, a kai mu filin wasa na Ƙofar Mata mu sara wa gwamna. Yau na tambayi yarona me ake yi, ya ce wai babu makaranta, shi ke nan abin da ya sani. Ni ba faretin nake wa kuka ba, kuɗin da ake narkawa a kansa ma haushi yake ba ni. Amma a soke abu a bar mutane haka siddan? Ko ƙanwarmu Nijar ta fi mu dabara. Su ranar 3 ga Agusta fita ake a dasa bishiya, tun daga shugaban ƙasa har 'yan makaranta. Mu da hamada ke cin Yobe da Jigawa da Katsina, me zai hana mu yi haka? Na san ba mai tanka wa wannan rubutun. Da hoton 'yar fim na sa, da yanzu an cika nan.

Bagobirin Tibiri:
Ƙanwar wa? Malam, gyara zancenka. Mu munka amshi mulkin kanmu 3 ga Agusta 1960, ku sai 1 ga Oktoba. Ran da Diori Hamani ya yi shelar 'yancin Nijar a Yamai, ku tutar Ingila tana bisa kanku. Ƙirga kwanakin da kanka, 59 ne. A gidanku wanda ya riga zuwa duniya shi aka ce ma ƙane?

Ɗan Fagge:
Haba ɗan uwa, yabon ku fa na yi.

Bagobirin Tibiri:
Riƙe yabonka. Yabon da anka haɗa da reni ba mu so.

Maman Khalifa:
Ikon Allah. An ce kun fi mu dabara, ba ku ga wannan ba, sai kalma ɗaya.

Sarkin Yaƙin Kurna:
Ƙanwa ce mana, ƙarya aka yi? Ba a auna ƙasa da kwanaki. Mutanen Najeriya sun haura miliyan 200, ku duka ƙasar ba ku kai miliyan 30 ba. Wuta daga Kainji muke ba ku. Da aka kashe muku ita a Agustan 2023 ai kun ga yadda Yamai ta koma. Layin dogon da ake ja daga Kano zuwa Maraɗi wa ya ci bashinsa? Wanda yake ciyar da gida shi ne babba.

Ba'adaren Tawa:
Wutar da kunka yanke muna, mu da ke biyan kuɗinta? Kuma ka tambayi manyanku dalilin da ya sa anka fara ba mu ita. Kogin Kwara ta cikin ƙasarmu yake bi kafin ya iso gare ku. Da mun tare shi tun da wuri, Kainji da mi za ta juya? Ka ga mai wannan rubutu ma ya ce gidansu babu wuta. Ku fara ba kanku tukuna.

Sarkin Yaƙin Kurna:
To ku tare mana. Shekara nawa kuna gina madatsar Kandaji?

Malam Na Gandu:
Assalamu alaikum. Ni na yi aikin gandun daji, bari in ce wani abu a kan ainihin shawarar. Dashen da ake yi a Nijar ya samo asali ne tun 1975, zamanin Seyni Kountché, bayan farin da ya ƙare dabbobi a 1973 da 1974. Abin da ya taimake su shi ne ranarsu ta faɗo tsakiyar damina, ƙasa a jiƙe, dashe yana samun ruwan Agusta da na Satumba kafin ya fuskanci rani. Mu tamu ranar ta zo ne ruwa yana ɗaukewa. Duk dogonyaron da ka dasa a Gumel ko Nguru ranar 1 ga Oktoba, in ba za ka bi shi da jarka kullum har wata damina ba, kuma ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, to asarar leda ka yi. Su ma a can ba dashen biki ne ya fi yin tasiri ba. A kwarin Majiya an jera dogonyaro layi-layi don karya iska, ya kuma kama, domin an sa masu gadi. A yankin Maraɗi da Damagaram kuwa manoma ne suka daina sare tohon gawo da kalgo lokacin sassabe, suna zaɓar mai ƙarfi su bar shi ya girma a cikin gona. Wannan ya mayar da itatuwa fiye da duk abin da aka dasa a gaban kyamara. In ana so a yi a nan, sai dai a raba iri da leda a Oktoba, makarantu su rena, a dasa a Yuli.

Sarkin Yaƙin Kurna:
Malam, ba wannan ake ba yanzu.

Ɗan Birnin Damagaram:
Ni Bakano ya ce min ƙanwa ai dariya zan yi. Ku tambayi kakanninku wa ya sa ake rufe ƙofofin gari da wuri zamanin Sarki Amadu Kuran Daga.

Baffan Yara:
Kai Badamagare, ka zo Kano sayen atamfa ka koma, shi ne yaƙin da kuka iya yanzu.

Ɗan Birnin Damagaram:
Da sefa muke zuwa, Baffa. Ka ga yadda 'yan canjin Wapa suke miƙewa in sun hango mu.

Sarkin Yaƙin Kurna:
Sefar da ake bugawa a Faransa? Ƙasar da kuɗinta ma wani ke buga mata ita ce za ta zo tana ƙirga mana kwana 59. Wane irin 'yanci ke nan?

Ba'adaren Tawa:
Ka zo wurin da nike jiran ka. Wa ya koma ma taken ƙasar da Baturiyar Ingila ta rubuta? A watan Mayu 2024 majalisarku ta zauna, cikin 'yan kwanaki ta yar da taken da 'yan ƙasa sunka tsara a 1978, ta ɗauko na 1960. Mu namu da Bafaranshe ya rubuta mun aje shi. Sojan Faransa sun kwashe kayansu a Disamba 2023. Mu 'yancinmu na gaskiya 26 ga Yuli ne, ran da soja sunka amshi mulki a 2023, shi ya sa anka maishe ta ranar hutu.

Hadiza Ta Zongo:
Yaya, kada ka haɗa abin da bai haɗu ba. Taken ƙasa zamanin Bazoum aka canza shi, a watan Yuni 2023, majalisa ce ta amince, kafin sojoji su zo. Ku daina ɗauke aikin mutum kuna ba wani, alhali yana tsare.

Ba'adaren Tawa:
Ga su nan, 'yan Tarayya, jam'iyyar Bazoum, sun iso.

Hadiza Ta Zongo:
Ban taɓa yankar katin jam'iyya ba. Kuma in 'yancinka ya fara a 2023, to ka yarda ke nan da maganar Bakanon, shekararka biyu, ko ƙanwa ba ka kai ba, jika ne kai.

Bagobirin Tibiri:
Hadiza, a gaban baƙi? Wanga zance na cikin gida ne.

Hadiza Ta Zongo:
Shi ya fara kawo shi.

Maman Khalifa:
Akwai leshi kore da fari, da hijabin yara mai launin tuta, ana aikawa ko'ina har Maraɗi. Mai so ya yi min magana ta akwatin sirri.

Alhajin Nima:
Mu dai daga Accra muna kallo. 6 ga Maris 1957. Ku biyun duka ku zo ku gaishe da yayanku. Kuma mu ma bana an rage bikin, a fadar shugaban ƙasa aka yi shi maimakon babban filin da aka saba, don a rage kashe kuɗi, ba wanda ya mutu.

Ɗan Mai Wurno:
Alhaji, Sudan 1 ga Janairu 1956. Sai dai ku sa mu a addu'a, mu yanzu ba ta biki muke ba.

Baffan Yara:
Allah ya kawo muku zaman lafiya, ya kashe wutar nan.

Bagobirin Tibiri:
Amin. Amma ban gama da mutanen Kano ba. Ku 'yan Arewa har kuna da bakin zancen 'yanci? Ba ku ne kunka ce ba ku shirya ba? Wani malaminmu ya ce da ta ku anka bi, da har yanzu Bature na nan.

Malam Mai Tarihi:
A'a, a faɗi abu yadda yake. A ƙarshen Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisa a Legas cewa a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna bai ce ba ya so ba, cewa ya yi a cire shekarar a sa "da zarar hali ya yi". Dalilinsa a fili yake: Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ofisoshi, in Bature ya tafi a lokacin, wani ne zai zauna a kujerar. An yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, abin da ya kai ga rikicin Kano a watan Mayu na shekarar. Yamma da Gabas suka karɓi mulkin cikin gida a 1957, Arewa ta karɓi nata 15 ga Maris 1959. A 1960 kuma ɗan Arewa ne, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya karɓi takardun 'yanci daga hannun Gimbiya Alexandra a filin sukuwa na Legas. Wannan hangen nesa ne, ba tsoro ba.

Jikan Sawaba:
Hangen nesa ko kare sarauta? Malam Aminu Kano da 'yan NEPU ba su ce a jira ba. Su wa ake ɗaurewa a kotunan alkalai a lokacin? Kullum in an zo tarihi sai ku share talakawa.

Malam Mai Tarihi:
Yaro, jami'ar da ka yi karatu a Zariya wa ya kafa ta a 1962?

Jikan Sawaba:
Ban yi Zariya ba, Baba. Kuma da kuɗin gyaɗar kakana aka gina ta.

Sarkin Yaƙin Kurna:
Duk wanda ya taɓa Gamji a nan sai ya gane kurensa. Shugaba, kana ina?

Bagobirin Tibiri:
Kun gani? Ku shirya tsakaninku tukuna, sannan ku zo neman ƙanwa. Kuma Bakatsinen da ke cikin wannan zaure ya faɗa muku gaskiya: sarakunan Katsina na asali Maraɗi sunka koma bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina aka ce ma sarkin Maraɗi.

Ɗan Marna:
Kada ka jawo mu ciki. Wanda ya bar gida ya bar gida.

Ɗan Fagge:
To na janye ƙanwar. Maƙwabciyarmu. Yanzu za a iya maganar bishiyar?

Sarkin Yaƙin Kurna:
Kai ka janye, ni ban janye ba. Na ma ji a rediyo wani masani yana cewa duk Afirka ta Yamma ba mai yin komai sai da izinin Abuja.

Hadiza Ta Zongo:
Wace rediyo? Wane masani?

Sarkin Yaƙin Kurna:
Je ki bincika, ba ni ne zan yi miki karatu ba.

Ba'adaren Tawa:
Izinin Abuja? Wa'adin kwana bakwai kunka ba mu a 2023, mu da Mali da Burkina munka fice muku daga CEDEAO, ECOWAS ɗinku, gaba ɗaya. Masu ba da izini, ku da ko faretinku ba ku iya yi. Tun bom ɗin 2010 kusa da dandalin Eagle kunka koma yin biki bayan katangar fada, shekara da shekaru.

Baffan Yara:
Mutane sun mutu a wannan bom ɗin, ba abin gori ba ne. Ku ji tsoron Allah.

Shugaban Zaure:
To jama'a, ya isa haka, zan rufe. Ga abin da na fahimta. Abokina Ɗan Fagge ya kawo shawara mai kyau da zuciya ɗaya, wasu baƙi suka juya ta. A kan wa ye babba, kusan kowa ya yarda cewa girma na mai yawan jama'a ne da mai ba da wuta, maganar kwana 59 kuwa wasa ce, ba wanda ya ɗauke ta da gaske. Malam Mai Tarihi ya wanke Sardauna tas da hujjoji, ba wanda ya iya ba shi amsa. 'Yan uwanmu na Nijar ma kansu bai haɗu ba a kan ranar da suka samu 'yancin, don haka sai su je su daidaita. Batun bishiya, wani malami ya yi bayani mai tsawo, ban samu na karanta duka ba, amma ina jin yana nufin dashen Nijar ɗin ma ba ya kamawa. Na goge tallar leshi, an sha faɗa ranar Juma'a ce ranar talla. Ba'adaren Tawa da Jikan Sawaba na dakatar da ku na mako guda saboda rashin ladabi. Sarkin Yaƙi, kai ma ka riƙa sassautawa, na san zafin kishin ƙasa ne. Gobe akwai muhawara a kan farashin masara a Dawanau, mai hoton buhu da farashin yau ya turo min tun da dare.