Sitiyarin Carina E ya yi tauri: famfo ne ko wani abu dabam?

Direban Garwa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan motata, Toyota Carina E ƙirar 1996, wadda nake jigila da ita tsakanin Garwa da Marwa. Tun bayan damina sitiyarinta ya fara tauri, musamman idan ina tafiya a hankali cikin tasha ko zan yi kwana a wuri matsattse, kuma yakan yi wani kuka kamar gurnani idan na murɗa shi har ƙarshe. A kan babbar hanya kuwa da sauƙi. Bakaniken da na je wurinsa ya saurari inji kawai ya ce famfon da ke tura man sitiyari ya mutu, in sayo wani. Kafin in kashe kuɗi, shin akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Tsohon Bakanike, Ngaundare:
Wa alaikumus salam, malam direba. Kada ka yi gaggawar sayen famfo, domin kunne kaɗai ba ya yanke wannan hukunci. Fara da abin da ba ya cin kuɗi: ka je wurin mai faci a auna iskar tayoyin gaba da ma'auni, tun tayoyin suna da sanyi, a daidaita da adadin da kamfani ya rubuta a takardar da ke manne jikin motar. Taya mai ƙarancin iska takan baje a ƙasa, ita kaɗai tana iya sa sitiyari nauyi.

Daga nan ka buɗe ƙaramin tankin man sitiyari. Idan man ya sauka ƙasa da alama, to yana yoyo a wani wuri, domin wannan mai ba ya ƙonewa kamar na inji, sai a bi tiyo-tiyo da jikin famfo da robobin da ke rufe bakin rak, wato ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba idan an murɗa sitiyari, a ga inda yake jiƙe. Idan kuma ka ga kumfa a cikinsa alhali inji yana aiki, iska ce take shiga, galibi ta tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa famfo, wanda zafin watan Maris da Afrilu yakan busar da shi har ya tsattsage. Gurnanin da ka ambata ya fi kama da wannan, domin famfo mai lafiya ma yakan yi kuka idan yana zuƙar iska maimakon mai. Sitiyarin Toyota irin taka yana amfani da man giya mai sarrafa kanta, wato ATF Dexron, mai launin ja. Idan ya koma baƙi yana warin ƙuna, a zubar da shi duka, a wanke rariyar da ke gindin tankin, wadda mutane da yawa ba su ma san tana nan ba. Ina gargaɗinka da babbar murya: kada wani ya zuba maka man birki a ciki, domin yana kumbura robobi ya lalata famfo da rak gaba ɗaya.

Ka duba belti ma. Wanda ya saki ko ya yi sulɓi yakan yi ƙara mai tsini idan an murɗa sitiyari, kuma famfo ba zai samu ƙarfin da yake bukata ba.

Mai Hilux, Kuseri:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa, amma a ganina ya ba ɓangaren mai muhimmanci fiye da kima. Mu da muke bin hanyar Mora zuwa Kuseri mun san abin da ramuka da laka da ƙura suke yi wa ƙasan mota, kuma kai kanka ka ce matsalar ta soma ne bayan damina. Da zarar robar bol-joyin ko ta tayarod, wato gaɓoɓin da ke haɗa tayar gaba da ƙasan mota da kuma rak, ta yage, ruwa ya wanke giris, yashi ya shiga, sai gaɓar ta cije. Gwajin da zai raba gardama shi ne a ɗaga gaban motar da jak har tayoyin biyu su bar ƙasa, a tokare ta sosai, a kashe inji, a murɗa mabuɗi don sitiyari ya saki, sannan a juya shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Idan ya juya lami lafiya, laifin yana wajen mai ko belti ko famfo. Idan ya ci gaba da tauri, famfo ba shi da hannu a ciki. Idan kuwa yana tauri yana saki a cikin zagaye ɗaya, a duba gaɓar nan mai siffar gicciye da ke haɗa sandar sitiyari da rak, domin tsatsa takan kama ta.

Direban Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗaga motar kamar yadda ɗan'uwa na Kuseri ya ce, sitiyarin ya juya ba tare da cijewa ba. Man kuwa ya ragu sosai, akwai kumfa, kuma tiyon ƙasan tanki a jiƙe yake. Baba, idan na canza tiyon, ƙara mai kawai zan yi?

Tsohon Bakanike, Ngaundare:
A'a, ɗana, sai an fitar da iskar da ta riga ta shiga. Bayan an ɗaura sabon tiyo wanda aka yi shi don ɗaukar mai, ba na ruwa ba, a cika tanki zuwa alama, a bar tayoyin gaba a sama, a yi ta juya sitiyari dama da hagu a hankali inji yana kashe, ana ƙara mai duk lokacin da ya sauka. Sai a tayar da inji a maimaita har kumfa ta ɓace, amma kada a danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa kaɗan, domin a nan ne matsin mai yake kai maƙura ya zafafa famfo. Idan bayan haka har yanzu yana tauri a lokacin da inji yake aiki a tsaye, amma yana saki da zarar ka taka totur, to famfon ya gaji da gaske, sai ka koma wurin bakanikenka. Kafin ka hau hanyar Marwa da fasinja, ka zagaya cikin gari tukuna, ka sake buɗe tankin ka ga ko man yana nan inda ka bar shi.